Ranar da Na Sha Biliyan Sittin

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta a unguwarmu Badariya, fanka ta tsaya. Ko minti goma ba a yi ba ƙanwata Husna ta baje a kan tayil tana wasiyya, wai idan ba ta kai magariba ba a ba wa ƙawarta takalmanta na Sallah. Na tsallake ta na wuce. Yarinyar da ke azumi kusa da firij har tana da bakin magana. Azumi shi ne wanda na yi a Argungu shekaru uku da suka wuce, ina ɗan shekara goma sha huɗu. Shi ne na farko da na kai talatin, kuma a cikinsa ne na sha biliyan sittin da ɗoriya a kofin roba, ban ma ƙoshi ba.

Abin ya faro ne daga makaranta. Za a yi gasar lissafi ta makarantun jiha, an ba mu kujera uku. Manyan ɗalibai sun ɗauke biyu. Ɗayar da ta rage tsakanina ne da wata 'yar ajinmu, Rumaisa, wadda ba ta magana sai an tambaye ta, idan an tambaye ta kuma ba ta kuskure. Ni kuwa tuni na gaya wa duk 'yan layinmu, har da mai kanti da mai faci, cewa ni zan je. Wanda ya je za a kai shi a motar makaranta, a kira sunansa a taron safe. Na riga na gwada irin tafiyar da zan yi idan an kira ni.

Ranar da za a ba da hutu, malamin lissafinmu, Malam Garba, ya tsayar da mu biyu a gaban allo. Ya ce mun san dalar lambobin nan da ake tara biyu na sama a sami na ƙasa, wannan ta yara ce. Tasa dalar da faktoriyal ake gina ta, wato lambar nan da ake sa wa alamar motsin rai a gaba. Ni ina kiranta lamba mai ihu. Idan huɗu ta yi ihu, sai ta ninka kanta da duk ƙannenta: huɗu sau uku sau biyu sau ɗaya, ashirin da huɗu.

"Kowane layi yana da uwa," in ji Malam. "Uwar layi na huɗu, ku ninka ihun ɗaya da na biyu da na uku da na huɗu. Ɗaya sau biyu sau shida sau ashirin da huɗu. Nawa?"

"Ɗari biyu da tamanin da takwas," in ji Rumaisa, ina cikin neman biro.

Ya ce don a cika gidajen layi, sai a raba uwarsa da uwayen layuka biyu da idan an haɗa su za su ba da shi. Layi na huɗu, akwai ɗaya da uku, akwai biyu da biyu. Uwar na biyu biyu ce, saboda haka gidan tsakiya ɗari biyu da tamanin da takwas ne a raba da huɗu, saba'in da biyu. Ɗaya da uku ya ba da ashirin da huɗu, farko da ƙarshe kuma kullum ɗaya ne. Ya rubuta layin: 1, 24, 72, 24, 1. Sannan ya kakkaɓe alli daga hannunsa.

"Duk girman lambar, rabon ba ya barin saura. In kun ga saura, ku ne kuka yi kuskure. Wanda ya kawo mini layuka mafi yawa bayan Sallah, daidai, da aikinsa a rubuce, kujera tasa ce."

Na fito ina dariya. Na ce zan kawo hamsin.

Abin da ban sani ba, a ranar ce sakamakon Islamiyya ya isa hannun Abbanmu. Ba zan faɗi na nawa na zo ba, amma wanda na fi ya yi wata biyu yana kwance asibiti. Abba ya karanta takardar sau biyu, ya miƙo hannu ya karɓi wayata, ya karɓi jakar boko gaba ɗaya, har biron da ke aljihuna. Washegari ina cikin motar Argungu, tsakanin buhun albasa da wani mutum mai barci a kafaɗata. Zan yi azumi a wurin kakana Baba Malam, in yi karatu, in taya ƙanen Abba, Baffa Umaru, aikin shinkafar rani.

Zafin waccan shekarar, idan na faɗa, Husna cewa take ƙari nake yi. Ƙarfe tara na safe ƙofar langa-langa ba ta taɓuwa. Ƙadangare idan zai tsallaka tsakar gida sai ya tsaya a inuwa ya yi shawara tukuna. Ruwan randa da kansa ɗumi yake yi. Kakata Inno takan jiƙa zani ta lulluɓa, kafin ta gama tasbihi ya bushe ƙayau.

Kullum tsarin ɗaya ne. Mu yi sahur da tuwon shinkafa miyar kuka, a bi da fura. Bayan sallar asuba in zauna gaban Baba Malam a zaure in biya allona, yana gyara mini ido a rufe. Gari na wayewa Baffa Umaru ya goya ni a babur sai fadama. Shinkafar ta fitar da kai, ƙwayar tana madara, lokacin da jan baki ya fi so kenan. Wanda bai ga jan baki ba bai san tsoro ba. Ɗan tsuntsu ne da bai kai dunƙulen hannu ba, amma idan suka taso daga bakin gulbi sai ka ce hadari ne ya haɗo. An ɗaura igiyoyi a kan gonar an rataya gwangwanaye da duwatsu a ciki. Aikina in ja igiya in yi ihu. Ihu da azumi a baki. Zuwa hantsi muryata ta koma ta tsohon agwagwa, harshena kamar an shimfiɗa shi a rana an manta da shi.

Da tsakar rana tsuntsayen kan tafi hutawa, don su ma sun fi mu hankali. Baffa ya tada injin ban ruwa ya kwanta a ƙarƙashin rumfa. A nan nake samun sarari. Ba ni da takarda, amma akwai laka mai laushi a bakin kwalbatin ruwa, akwai tsinke. Layi na biyar ya zo da sauƙi: 1, 120, 1440, sai ya juya ya koma yadda ya zo. Na shida ya fara nuna hali, tsakiyarsa dubu ɗari da saba'in da biyu da ɗari takwas. Da na fitar da uwar layi na bakwai sai na zauna daɓas a cikin laka. Biliyan ɗari da ashirin da biyar da 'yan kai. Daga bakwai! Bakwai ɗin nan da na sani tun ina aji ɗaya, muna gaisawa. Na ƙirga sifilin sau uku. Na tuna na ce zan kawo hamsin, na ji kunyar kaina ni kaɗai a tsakiyar fadama.

Rabo ɗaya yakan ci mini wuni biyu. Ranar nan na kusa gama wani, Baffa ya buɗe ruwa ba tare da ya duba ba, na tsaya ina kallon aikina yana tafiya ya shayar da shinkafa. Amma duk sanda rabo ya ƙare, in ga ya sauka a kan sifili cif, babu saura ko ɗaya, sai tsikar jikina ta tashi. Lamba kamar jirgin ƙasa, a raba ta da wata kamar tirela, kuma ko ɓawo ba ya faɗuwa.

Amsar nakan rubuta a cinyata da gawayi in rufe da wando. Matsalar ita ce inda zan adana ta a gida, don Abba ya riga ya gaya wa Baba Malam ko harafin boko kada ya gani a hannuna. Sai na tsinci wani tsohon allo babba a ɗakin ajiya, bayan buhunan dusa. Bayan la'asar, idan Baba Malam ya tafi masallaci tafsiri, in ɗauko tawada da alƙalamin kara in kwafe. Don kada a gane, da lambobin Larabci nake rubutawa. Don kada su cakuɗe, kowace na zana mata ɗan akwati. Na yaba wa kaina ƙwarai da wannan dabara.

Wata rana ina tsugune a bayan rumbu sai inuwa ta rufe ni. Inno ce, da ludayi a hannu. Mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, mi kaka yi nan awa ɓarawon kaji?"

Ta leƙa allon. Inno ba ta karatu, amma ta shekara hamsin a gidan malami, ta san kamannin hatimi: akwatuna, lambobi a ciki. Ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Hatimi na? Wa ab ba ka wanga?"

Da na ce mata aikin makaranta ne, da ta yi tsaki ta wuce. Amma bakina bai taɓa ganin rami ya kauce ba. Na rage murya, na waiga hagu da dama.

"Inno, a rufa mini asiri. Na korar tsuntsu ne. Mai ƙarfi ne, shi ya sa ya yi tsini. In ya cika layi takwas, jan baki ko a mafarki ba zai sauka gonarmu ba."

"Kai, Bashar! Ashe boko bai cinye ka duka ba."

A ranar ƙosai bakwai ta ƙara mini. Kullum ta tambaye ni layi nawa ya rage, ni kuma in amsa da fuskar manyan malamai.

Shiga goman ƙarshe abin ya daina zama wasa. Tsuntsun ya ƙaru. A wuni ɗaya suka zuƙe gefen gonar da ke wajen gulbi, kan shinkafar ya tsaya fari, ka murza ba komai sai ƙaiƙayi. Baffa Umaru ya daina barcin rana, ya daina raha. Wannan shinkafar ita ce tuwon gidan har kaka. Na ji Inno tana gaya wa matar Baffa a rage awon da ake ɗorawa, kuma ƙosan buɗa-baki ya koma ana ƙirga wa kowa nasa. Mun yi ihu har muryar ta ƙare, muka koma dukan garwa.

Ana haka na gama layi na takwas, ranar ashirin da uku ga wata. Gidan tsakiya 60,963,840,000. Gaban allon ya cika, sai a bayansa na rubuta. Kwana ashirin na laka da gawayi. Na hura tawadar ta bushe, na jingina shi a bayan rumbu, na gaya wa Inno an kammala, don ina son ƙarin ƙosai.

Washegari na dawo daga fadama kamar an yi mini duka. Aka kira magariba. Inno ta miƙo mini kunun tsamiya a babban kofina na roba, tana wani murmushi. Na kafa kai. Na ji ɗan ɗanɗanon hayaƙi da ƙaro, na ce ko tukunyar ce ta kama. Na nemi ƙari. Kowa ya sha, har Baba Malam.

Na tashi zan yi alwala, sai na gan shi. Allona, jingine a jikin randa, an wanke shi tas, gaba da baya, har ya bushe. Fari fat kamar ranar da aka sassaƙo shi.

Butar ta faɗi daga hannuna.

"Inno. Allon nan..."

"Na wanke shi tun da asuba kana zaure, Maigida," ta ce a hankali, don kada a ji. "Rabi na ba Umaru yay yayyafa ma gona, ban gaya mai ko na wa na ba. Rabi na zuba ga kunu, kowa shi samu albarka. Ko ɗigo ban bari yaz zube ba."

Na dafa cikina. Biliyan sittin na ciki, da miliyan talatin da shida na layi na bakwai, da saba'in da biyun Malam Garba, duk suna iyo a cikin tsamiya. Kujerata ce na shanye da bakina, har na nemi ƙari. Na zauna a kan turmi na fashe da kuka. Inno ta ce wa matar Baffa a ƙyale ni, nauyin sirri ne.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ban tsoro. Da safe muka je fadama, tsuntsu bai zo ba. Muka jira har hantsi, muna riƙe da igiya kamar wawaye. 'Yan tsiraru suka gifta suka wuce tsallaken gulbi. Washegari ma haka. Har yau ban san dalili ba. Baffa ya ce wataƙila shinkafar tsallake ce ta kai yadda suke so. Amma Inno ta riga ta gaya wa maƙwabciyarta a asirce, ita ma ta gaya wa tata a asirce.

Kwana biyu bayan haka, muna karatun asuba, aka yi sallama. Dattawa biyar, kowa da allo a hammata.

"Allah gafarta Malam, wurin jikanka munka taho. A taimaka muna da hatimin tsuntsu."

Baba Malam ya buɗe idonsa. Ban taɓa ganin ya buɗe su duka biyun a lokacin karatu ba.

"Wane hatimi?"

Suka dube ni. Shi ma ya dube ni. Na duba ƙasa ko za ta yi mini alfarma ta tsage, ta ƙi. Na faɗi komai: gasar, Rumaisa, lakar, cinyata, ƙosan. Wani dattijo ya ce, "To ko na boko na, tunda ya yi aiki..." Baba Malam ya ɗaga hannu ya katse shi.

"Tashi tsaye," ya ce mini. "Hwaɗa musu da bakinka ƙarya ka yi. Sannan ka shiga ka hwaɗa ma kakarka. Tsohuwa tana azumi, tana tsoron yunwa, kai kana cin ƙosanta da ƙarya. Allo kuma ba wurin ɓoyo na ba."

Na faɗa musu. Na shiga na faɗa wa Inno, wannan ya fi wuya. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe, ni kuwa da ta ɗauki muciya ta buga mini da ya fi sauƙi.

Da azahar Baba Malam ya aiko a kira ni. Na tafi ina tunanin bulala. Na tarar ya share ƙasar zaure da tafin hannu.

"Abin da anka ba mu munka sha, rubuta shi in gani."

Na zana masa har layi na biyar, na yi bayani. Baba Malam shi ake kira rabon gado a unguwar, lissafin kaso a kansa yake yi. Ya daɗe yana kallo.

"Kac ce ba shi barin saura?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Ikon Allah." Ya gyara zama. "Gwada min yadda kay yi na takwas."

Na fara ninka uwar, lambobi suka miƙe har bakin ƙofa. Ya kama hannuna.

"Tsaya, ɗan boko. Wanga ihun ɗaya zuwa na huɗu, ba ga shi sama ba? Ba ga shi ƙasa ba? To mi kaka ɗaukar shi ka kai sama, ka sake sauko da shi? Soke su tun ba su yi nauyi ba."

Ya sa yatsa ya soke, ya soke, ya soke. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, shi ma ya yi ta rage shi da biyu, da uku. Kafin a kira la'asar biliyan sittin ɗina ta fito a ƙasar zaure, cif, ba ko kuskuren sifili. Abin da ya ci mini wuni uku da rabin fatar gwiwata. Na dube shi kamar yau na fara ganinsa.

"Baba, a ina ka yi boko?"

"Gidanku," ya ce. Ya jawo fararen takardu daga cikin gafakarsa ya ba ni. "In ka biya allonka babu gyara, ka yi wanga. In an yi gyara guda, a bar shi sai gobe."

Ban taɓa karatu irin na kwanakin nan ba. Kafin Sallah na maido da takwas ɗina, na ƙara na tara. Na koma Birnin Kebbi da takardun a cikin riga, ina jin ko gwamna bai isa ya tsayar da ni ba.

Ranar da aka koma makaranta Malam Garba ya kira mu ofis. Na shimfiɗa takarduna. Ya bi su da jan biro, bai sami inda zai taɓa ba.

"Tara, kuma daidai. Madalla, Bashar. Yaya ka yi da manyan?"

Na gyara murya. Na ce akwai wani sirri da na samo a Argungu wurin manya, ba kowa ake ba wa ba: abin da ke sama kuma yana ƙasa, soke shi ake yi. Na saci kallon Rumaisa don in ga yadda za ta girgiza.

"Ai dama haka ake yi," ta ce. "Akwai wata hanyar ne?"

Ta buɗe jakarta ta fito da littafi. Goma sha biyu. Ta ba Malam haƙuri, wai takardar ce ta yi mata ƙunci, kuma ta yi ta taya mamarta girki. Malam ya yi rabin awa yana dubawa, ni kuma ina tsaye ina addu'ar Allah ya sa ta manta sifili ɗaya. Ba ta manta ba. Ita ta shiga motar makaranta, ita aka kira a taron safe. Na yi wata guda ina zagayawa ta bayan layi don kada in haɗu da mai faci.

Da yammar ranar da na rasa kujerar Abba ya kira Argungu ya ba ni wayar in gaishe su. Inno ta karɓa. Ta huce, har ta koma kirana Maigida. Na gaya mata ban samu kujerar ba, na kuma ce mata duk da haka ta yarda dai lissafi ne kawai, babu ruwansa da tsuntsu.

"Ni ban san wannan ba," in ji ta. A bayanta ina jin ana sussuka. "Kai ka rasa kujera, mu mun cika rumbu. Baɗi in ka taho, ka yi muna mai layi goma sha biyun."